Ranar da Muka Binne Ɗan Illo

Sunana Laminu, ni mutumin Hawandawaki ne, cikin ƙasar Tasawa. Lakwal na yi ta har aji shida, ban wuce nan ba. Zan faɗi abin da ya faru a jere, zango bayan zango, don ba na son labarin da ake somawa daga tsakiya. Akwai wata mata a ƙasar Filipin da ta so a kai mata gawar mijinta, ta ga fuskarsa kafin a rufe shi. Hannuna na cikin hannuwan da suka haƙa raminsa a Libiya.

Zango na farko rairayi ne, bayan an wuce Dirku. Muna jibge a bayan mota, kowa ya rungume sanda tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗi. Ƙanena Habu yana gefena. Tun Agadas zazzaɓi ke cinsa, ya ɓoye mini don kada in maida shi gida. Da hantsi ya jingina kansa a kafaɗata, na ɗauka barci ne. Wani dattijo mai suna Malam Sabi'u, mutumin Mayahi wanda ya sha bin wannan hanya, shi ya miƙo hannu ya taɓa wuyan Habu, sannan ya buga rufin mota.

Direba ya tsaya, amma bai kashe mota ba. Muka haƙa da hannu da kwanon cin abinci. Muka yi taimama, Malam Sabi'u ya ja salla. Babu dutse ko ɗaya a wurin, sai na kafa bidon ruwan Habu, wato jarkarsa, a kan kabarin. Ba mu yi nisa ba na waiwaya, na hango iska tana mirgina shi.

Da muka isa Sabha na ari salula na kira Inna. Ba ta yi kururuwa ba. Ta yi salati, sannan ta ce, "Laminu, kun sa mishi alama?"

Na ce, "Mun sa, Inna."

"Ta dutse?"

"Ta bido."

Nan kuɗin kiran ya ƙare.

Zango na biyu Sabha ce, kuma ba zan daɗe a kanta ba. Wanda ya tarbe mu Bahaushe ne ɗan'uwanmu, ya dafa mana shayi, ya tambayi labarin damina, ya kira Malam Sabi'u da Baba. Shi ya kai mu aikin buga tubali. Da lokacin biya ya zo ya ce ɗaki da abinci sun cinye. Alherin da na gani a garin nan na wata tsohuwa ne, maƙwabciyar wurin aikin, wadda ke miƙo burodi ta saman katanga. Hannunta kawai na sani, mai lalle.

Zango na uku gonar kaji ce, can bayan Tripoli, a ƙarshen wata hanya da ba ta zuwa ko'ina sai nan. Mu 'yan Nijar mu ne masu shara da ɗaukar buhu da yanka. Akwai Ramadan, Bamisre, direban motar kai kaji. Akwai mai gonar, wanda kowa ke ce wa Mudir. Sannan akwai Danilo.

Danilo ɗan Filipin ne, gajere, furfura ta fara fito masa, da ƙaramin gicciye a wuya. Shi ke kula da injin wuta da ɗakin sanyi inda ake jera kajin da aka yanka. Sunansa ya yi wa Malam Sabi'u nauyi, sai ya maida shi Ɗan Illo, kowa ya bi. Da gurgun Larabci muke magana da shi, sauran kuma da hannu. Shinkafa yake ci safe da rana da yamma. Ranar da Mudir ya hana mu abinci don kaji sun mutu, shi ya raba tukunyarsa. Salulata da ta faɗa ruwa shi ya buɗe ta ya shanya, ya gyara, ya ƙi karɓar komai.

Malam Sabi'u ba ya barinsa ya huta. "Ɗan Illo, yaushe za ka musulunta mu ba ka mata a Mayahi?"

"Haji, ɗaya gare ni, ita ma tsoronta nake ji."

"Ragon banza. Tana bayan teku kake tsoronta?"

"Ba ka san Marisel ba, Haji. Ta cikin salula take ja mini kunne."

A ƙarƙashin gadonsa akwai wani babban kwali. Duk abin da ya samu sai ya jefa ciki: sabulu, takalmin yaro, alewa, man shafawa. In ya cika a aika gida. Ya nuna mini hoton 'ya'yansa uku. Ni ma na nuna masa na Hadiza matata da ɗiyarmu, wadda na bari tana rarrafe. A lokacin ana yankan hatsi a gida, ni kuwa ina kankare kashin kaji. Wani lokaci ƙamshin dusar da muke zuba musu sai ya tuna mini da rumbun Inna, in rasa abin da ke mini daɗi.

Shi ya ba ni labarin yadda cocinsu ke yi da iyalan matafiya. Ya ce a ƙauyensu kusan kowane gida akwai wanda ke ƙetare. Ran Lahadi bayan ibada, matan matafiya da mazan matafiya sukan zauna tare, a ji wanda ya yi waya da wanda ya yi shiru. Akwai masu zagaya gidaje suna duba yara. In mutum ya daɗe ba a ji shi ba, sun san wanda za su tambaya, don akwai limaminsu na Katolika a Tripoli, irin waɗanda a Maradi ake ce wa monper, su kuma suna ce masa Fada. Daga ƙasarsu aka aiko shi ya bi su, kuma talakawa ne ke tara abin da yake ci. Ya ce tun suna yara ake koya musu yi wa irin waɗannan limamai addu'a.

Na ce, "Mu kam Allah ne gatanmu."

Ya ce, "Mu ma Shi ne, Laminu. Amma Fada yana da salula."

Na yi dariya, ko da yake maganar ta tsaya mini a rai.

Wata rana kuma muna wanke kwanonin ruwan kaji, ya ce lokacin da mahaifinsa ya rasu sun ajiye shi a falo fiye da mako, a cikin akwati mai gilashi, har 'ya'yansa suka iso daga ƙasashen da suke. Ana addu'a, ana cin abinci, ana hira a gefensa. Na ajiye kwano na dube shi.

"Ɗan Illo, ba ku da tausayi ne? Mamaci makwancinsa yake so. Mu in mutum ya cika da safe, kafin azahar mun kai shi."

"In ɗansa bai iso ba fa?"

"Ya iske addu'a."

Ya girgiza kai. "Ni da ban ga fuskar babana ba, da har yau ina jiran ya kira ni."

Na ɗauki maganar a matsayin al'adar mutanen da ba su san daidai ba. Na ji tausayinsu, na ci gaba da wanki.

Zango na huɗu safiyar wata Talata ce, cikin tsananin zafi. Akwai wata wayar wuta a bayan injin da Danilo ya sha yi wa Mudir magana a canza ta. Muka ji ƙara, wuta ta ɗauke. Da muka isa yana kwance, hannunsa na dama ya ƙone. Malam Sabi'u ya taɓa wuyansa, kamar yadda ya taɓa na Habu.

Ramadan ne ya fara magana. Ya ce a tada ƙaramin inji, a sa shi a ɗakin sanyi, a kira mutanensa.

Malam Sabi'u ya miƙe tsaye. "Mi ka ce? Ɗan Adam cikin kaji? Mutumin da muka ci tukunya ɗaya da shi?"

Ramadan ya ce, "Ya Hajj, ba ku gane ba. Waɗannan gida ake maida su."

Na ce, "A wanga zahi? A jera shi kan katako kamar nama? Wallahi ba a gabana ba."

Da gaske nake. Abin da nake gani a idona shi ne bidon Habu yana mirginawa. Na ƙudura cewa wannan karon za a yi komai bisa tsari, babu direba mai jira, babu gaggawar banza.

Mudir ya iso ana cikin gardama. Ya saurari kowa, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya dafa kafaɗar Malam Sabi'u ya ce gaskiyar dattijo ce, mutanen Nijar sun san addini, jinkirta mamaci zalunci ne. Ya shiga gida ya kawo farin zanen gado sabo fil. Ya nuna mana wuri a bayan gidan kaji na ƙarshe, kusa da itatuwan zaitun. Ya kwashe fasfo da salula da kwalin Danilo, ya ce zai aika wa iyalinsa. Muka yi masa godiya.

Malam Sabi'u ya ce, "Ba mu yi mishi salla, ba namu ba ne. Amma ba mu barin shi." Na wanke masa fuska da hannuwa da ƙafafu. Gicciyen na bar masa a wuya. Muka naɗe shi, muka haƙa rami mai zurfi da shebur, gefensa a miƙe. Ba mu san inda suke fuskantar da nasu ba, sai muka kwantar da shi rigingine. Na je bakin hanya na turo wani babban dutse a baro, na kafa shi a wajen kai. Kafin la'asar mun gama.

Da yamma Mudir ya aiko mana da kaji. Muka ci, muna cewa ashe mutumin nan yana da zuciya. Ramadan bai ci ba. Bai ƙara zama da mu ba har ya bar gonar.

Zango na biyar ya zo bayan makonni. Ina shara a bakin ƙofa wata tsohuwar mota ta tsaya. Wani siririn mutum mai kama da Danilo ya fito, da riga irin ta kowa, da tabarau. Ya gaida Mudir da Larabci mai kyau, ya ce shi ne Fada. Ya ce Marisel ta daina jin mijinta, ta faɗa a taronsu na Lahadi, limamin ƙauyensu ya kira shi. Ya ce ya bi gonaki da dama kafin ya gano wannan.

Mudir ya ce Danilo ya gudu tuntuni, ya sace masa kayan aiki, har ya kai ƙara.

Tsintsiya ta tsaya a hannuna. Malam Sabi'u ya matso kamar zai ɗauki buhu, ya ce a hankali, "Laminu, kama bakinka. Kana da iyali."

Fada ya juyo zai shiga mota, ya nuna mini hoto a salularsa. Danilo ne da ƙaramin ɗansa a wuya. Na sunkuya ina shara, na ce masa ya dawo ran Juma'a, lokacin da Mudir ke tafiya masallaci a gari.

Ya dawo. Na kai shi bayan gidan kaji na nuna masa dutsen. Ya durƙusa a ƙasa, ya daɗe yana addu'a da harshensu. Sannan ya tashi ya yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, yadda ya kamata: yaya ya mutu, wa ya gani, likita ya zo, an kira hukuma. Na amsa a jere. Ya bayyana mini cewa in akwai gawa da takardar likita, su sun san hanyar da ake bi a kai mutum gida, sun sha yi. Yanzu kuwa a wajen hukuma Danilo ɓarawo ne da ya gudu. Marisel ba matar mamaci ba ce, ba kuma matar mai rai ba.

Injin ɗakin sanyi yana ta gurnani a bayanmu. Fada ya waiwaya ya ce, "Wancan ɗakin na mene ne?"

Na faɗa masa. Ya dubi ɗakin, ya dubi dutsen. Tsakaninsu bai fi jifa ba. Ya cire tabarau ya goge, ya dafa hannuna ya ce, "Kun rufe shi da mutunci. Na gode." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya ce ba zai faɗa wa Marisel ita kaɗai ba. Sai da ya kira limamin ƙauyensu, shi kuma ya tafi gidan da wasu mata, sannan aka haɗa mu. Muka jira a inuwar zaitun. Da fuskarta ta fito a salula, mata biyu na riƙe da ita. Ta yi kuka har na sunkuyar da kai. Da ta lafa ta ce tana son magana da wanda ya binne shi. Fada yana fassara.

"Wa ya rufe masa ido?"

"Ni."

"Ya sha wahala?"

"A'a. Nan take."

"Sarƙar wuyansa fa?"

"Tana wuyansa."

Sai ta ce, "Me ya sa ba ku jira ni ba?"

Fada ya yi jinkiri kafin ya fassara. Na buɗe baki in ce mamaci makwancinsa yake so, maganar ta ƙi fita. Na ce, "Mu haka muke yi wa namu."

Ta share ido ta ce, "Akwai alama?"

Na ce akwai, ta dutse. Fada ya juya salular ya nuna mata. Ta ce a roƙe ni in kula da wurin har a zo a ɗauko shi. Na ce to.

Kafin ya tafi ya ce in samo masa wani abu mai murfi. Na kawo gwangwanin madara daga ɗakinmu. Ya cika shi da ƙasar kabarin da hannunsa. Ya ce zai je ambasad, wato ofishin jakadancinsu, da wajen hukuma ya nemi izinin tono shi, in ni zan tsaya shaida. Na ce zan tsaya.

Zango na shida gajere ne. Ban san wanda ya faɗa wa Mudir ba, kuma ban bincika ba. Kafin wata Juma'ar katafila ta shigo gonar. Ina tsaye da baro ta tumɓuke zaitun, ta ture dutsen, ta daidaita wurin. Washegari aka zuba siminti, wai za a ƙara gidan kaji. Da rana tsaka wasu mutane masu bindiga suka zo suka tambayi takarduna. Sun san ba ni da su. Malam Sabi'u ya cusa mini carbinsa a aljihu, bai dube ni ba.

Ba zan bayyana gidan da aka tsare mu ba. Ɗaki ne da ba a miƙe ƙafa, da bokiti ɗaya. Babu wanda ya zo daga ƙasata. Mutum ɗaya ne ya zo nemana a can, Fada ne. Ban san yadda ya gano ni ba, ko abin da ya ba masu gadi. Ya kawo sabulu da burodi, ya ba ni salularsa na kira Hadiza.

Na tambaye shi zancen izini. Ya ce, "Shaida ɗaya gare ni, kai ne. Kai kuma sun ce ba ka da takarda, don haka ba ka da magana. Wurin ma yanzu kaji ne a kai."

Na ce, "Gwangwanin fa?"

Ya ce wata ma'aikaciyar asibiti da za ta koma gida ta tafi da shi. Mutanen coci suka tarbe shi a bakin ƙauye. Aka ajiye shi a falo, da hoton Danilo da kyandir, aka yi ta addu'a ana kwana ana tashi, har 'yan'uwa suka hallara. Sannan aka sa shi a akwati aka binne. Ya ce ƙaramin yaron har yanzu yana cewa babansa ba zai shiga cikin gwangwani ba, zai kira.

Daga nan aka loda mu a manyan motoci aka maido mu. Mun bi ta rairayin nan. Na yi ta duba hagu da dama, ko'ina iri ɗaya ne.

Zango na ƙarshe gida ne. Na sauka a tashar Tasawa da leda ɗaya a hannu, wani mai babur ɗan garinmu ya ɗauke ni kyauta. Ɗiyata ta ɓuya a bayan Hadiza, ba ta san ni ba. Na iske Inna a bakin rumbu tana tsince wake. Ta tsufa fiye da shekarun da na yi. Bayan gaisuwa da fura ta ce in ba ta labari, na ba ta kamar yadda na rubuta shi nan, daga farko, ban tsallake komai ba.

Ta saurara ba ta katse ni ba, sai da na kai kan gwangwani. Ta ajiye faifan.

"Shi limamin nasu, ɗan'uwan mamacin ne?"

"A'a, Inna. Bai ma taɓa ganin shi ba."

"Ya bi gona gona yana nema?"

"Ya bi."

"Har ƙasar ta isa hannun matar?"

"Ta isa."

Ta jinjina kai. Ta daɗe tana kallon ledar da na shigo da ita, wadda ke jingine a gindin rumbu. Sannan ta miƙo hannu ta jawo ta, ta kwance bakin a hankali. Riga ɗaya ce a ciki, da carbin Malam Sabi'u, da guntun sabulun Fada. Ta fito da su ɗaya bayan ɗaya, ta zazzage ledar, ta sake leƙawa.

Ta ce, "Laminu, ta Habu hwa?"